Yaran Layin Baya: Yadda Na Ɗauki Bikin Yaye Ɗalibai da Kyamarar 4K

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki ce, kamu da ɗaurin aure da dina, a cikin Kano da kewaye. Aikin makaranta jefi-jefi yake zuwa, galibi a watan Yuli idan zangon karatu na uku ya zo ƙarshe, ko gab da azumi lokacin da Islamiyyu ke walimar sauka. Wanda zan ba da labarinsa na wata makarantar kuɗi ce mai nazare da firamare. Sun shirya bikin yaye 'yan aji shida, an haɗa da karatun Alƙur'ani da muhawara da wasan kwaikwayo da rawar gargajiya, a rufe da rabon kyaututtuka.

Shugabar makarantar da kanta ta sa aka kira ni ofis. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, mu fa 4K muke so. An ce shi ake yayi yanzu."

Na ce, "Hajiya, a ina iyayen za su kalla?"

Ta ce, "A waya mana. A ina kuma?"

Na gaya mata gaskiya cewa da wuya a samu ko mutum ɗaya cikin iyayen da zai ga 4K ɗin da idonsa. Kafin bidiyo ya bi ta WhatsApp ya isa wayar mutum an matse shi an rage shi, kuma fuskar wayar ma ba ta kai wannan girman ba. Amma na ce zan ɗauka da shi, don wani dalili nawa daban. A wurin biki amarya ɗaya ce, duk inda ta juya nan kyamara take juyawa, kowa ya yarda da hakan. A dandamalin makaranta kuwa kowane yaro amarya ne a wurin uwarsa. Idan yara talatin suka jeru suna waƙa, akwai iyaye talatin da kowannensu fuska ɗaya tak ya zo nema, kuma idan ka bi yarinyar da ke riƙe da makirufo da kyamara, ka zubar da sauran ashirin da tara ke nan.

Ga lissafin da ke ƙarƙashin maganar. Hoton 4K yana da ɗigo 3840 a faɗi da 2160 a tsaye, wajen ɗigo miliyan takwas da 'yan kai. Hoton 1080 da muka saba da shi yana da 1920 da 1080, wajen miliyan biyu. Ninki huɗu ke nan. Idan na kafa kyamara a wuri ɗaya ta ɗauki dandamalin gaba ɗaya ba tare da na taɓa ta ba, to a wurin tacewa ina iya yanko rubu'in hoton, ko ta dama ko ta hagu ko ta tsakiya, ya cika fuskar 1080 ba tare da ya dusashe ba. Kyamara ɗaya ta yi aikin uku ko huɗu, kuma sai na koma gida na zauna a natse nake zaɓar wanda za a gani.

Sharaɗin da na kafa wa makarantar biyu ne: a bar ni in halarci gwajin ƙarshe, sannan a aika wa iyaye takardar neman izini. Na farkon ba su yi musu ba. Na biyun sai da muka ɗan ja, don a ganin mataimakin shugaba ai duk wanda ya kawo ɗansa biki ya san za a yi hoto. Na ce masa, "Yallabai, hoton da uba zai ajiye a wayarsa daban, wanda makaranta za ta ɗora a Facebook ta yi talla da shi daban." Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta tanadi cewa sai da yardar iyaye ko mai kula da yaro ake sarrafa bayanan yaro, kuma fuskar mutum da sunansa suna cikin bayanansa. Ko babu doka, a garin nan akwai gidajen da ba sa son hoton 'ya'yansu mata ya shiga intanet, kuma suna da gaskiyarsu. Takardar da muka rubuta gajera ce, tambaya biyu: kun yarda a saka ɗanku a bidiyon da za a raba wa iyaye? Kun yarda a saka shi a wanda za a ɗora a intanet? Mafi yawa sun amince da duka biyun. Wasu sun amince da na farko kawai. Uba ɗaya ya ce 'yarsa ta yi wasanta tare da ƙawayenta, amma kada ta fito a ko ɗaya.

A wurin gwaji na samu rabin aikina. Ɗakin taron dogo ne, rufin kwano babu silin, tagogi ta gefen hagu kawai, dandamalin siminti mai faɗin kamar mita goma. Na zauna da takarda da biro ina rubuta jerin shirye-shirye: ta ina kowace ƙungiya take shigowa, wa ke fara magana, ina ake ajiye kujerar mai unguwa a wasan kwaikwayo, a wane baiti ne masu rawa suke bazuwa har bakin dandamali. Malamar da ke kula da wasan ta yi min alheri sosai. Na roƙe ta abu uku. A manna farin salatif a ƙasa a iyakar inda kyamara ke gani, a gaya wa yara kada su tsallake shi. A tsayar da gajeru a gaba, na baya kuma su hau benci. Yarinyar da babanta ya hana kuwa a ba ta wuri a ƙarshen layi ta dama a duk fitowar da za ta yi, yadda zan iya yanke ta daga hoto ba tare da ita ta san an ware ta ba. Malamar ta ce, "Wannan mai sauƙi ne, dama doguwa ce, can ne wurinta."

Wurin kafa kyamara shi ne abin da na fi daɗewa ina aunawa. Idan ka tsaya a gaba kusa da dandamali, dole ka buɗe hoto sosai, yaran tsakiya su yi girma, na gefe su lanƙwashe, kuma kana kallon su daga ƙasa, haɓa da ƙofar hanci. Idan ka koma can ƙarshen ɗaki, kawunan mutane da ɗaurin ɗankwali su cinye maka ƙasan hoto. Na zaɓi tsakiyar ɗaki, daidai saitin tsakiyar dandamali, na sa aka haɗa min tebura biyu masu ƙarfi. Ɗaya na ƙafar kyamara, ɗaya nawa. Ba a haɗa su a tebur ɗaya, domin duk motsin da ka yi sai ya bi katako ya girgiza hoto, kuma girgizar da ba ka gani a cikakken hoto tana ninkuwa idan ka yanko.

Babbar kyamarata Sony a6400 ce. Na saita ta a 4K, hoto 25 a daƙiƙa, ƙiftawa, wato tsawon lokacin da haske ke shiga don kowane hoto, ɗaya bisa 50 na daƙiƙa. Wannan ba son rai ba ne. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fitilu da yawa kuma suna bin ta suna ƙyaftawa sau 100, ido ba ya gani amma kyamara tana gani. Wayoyi da kyamarorin da aka shigo da su daga Amurka suna zuwa a saitin 30 ko 60 domin wutar can 60 ce, shi ya sa za ka ga bidiyon wani ɗakin taro yana ta walƙiya, ko baƙaƙen layuka suna gangarowa a jikin bango. Buɗewar ido na bar ta a f/5.6, duk da lensin yana iya buɗewa fiye da haka, domin buɗe shi sosai yana narkar da abin da ke baya. Masu ɗaukar biki muna son bayan amarya ya narke, amma a nan bayan da zai narke ɗan wani ne. Na kashe fokas mai sarrafa kansa, wato abin da ke zaɓar inda hoto zai fito da kaifi, na sa yarona mai taimaka min ya tsaya a layi na biyu, na saita a kansa da hannu, na manne zoben da salatif. Fokas mai bin fuska yana da kyau idan fuska ɗaya ce. Idan talatin ne, ga kuma mai raba ruwa yana giftawa, sai ya yi ta kai-komo, kuma a 4K ko ƙaramin kuskuren fokas ba ya ɓuya.

Sai maganar fararen kaya, wadda duk mai ɗaukar makarantun Arewa ya san ta. 'Yan matan aji shida farin hijabi suka sa, mazan farar shadda, fuskokin kuma baƙaƙe da wankan tarwaɗa. Idan ka bar kyamara ta auna haske da kanta, farin zai ruɗe ta, ta rage haske don ta ceci hijabi, fuska ta dulmiye. Idan ka biye wa fuska ka buɗe, hijabi ya ƙone ya zama farin fili babu ko alamar ninki. Na kunna layukan gargaɗin da ke nuna inda haske ya yi yawa, na ƙara haske a hankali har suka fara bayyana a kafaɗun hijaban da ke kusa da taga, na ɗan ja baya kaɗan, na kulle a nan. Sannan na roƙi a rufe tagogi biyu na kusa da dandamali da labule, na kawo fitilu biyu na LED na kafa su dama da hagu, sama da tsayin mutum, suna kallon fuskokin yara. Launin haske ma da hannu na saita shi a kan farar takarda. Idan ka bar shi yana sauya kansa, duk lokacin da masu jajayen kaya suka hau dandamali sai fatar kowa ta canza.

Kyamara ta biyu tsohuwar Canon ce mai ɗaukar 1080, na ba yarona ya tsaya da ita a gefen dandamali yana kamo fuska kusa-kusa da tafin iyaye. Irin waɗannan tsofaffin suna tsayawa da kansu kafin su cika minti 30. Asalin abin haraji ne: a da Tarayyar Turai ta daɗe tana ɗora wa na'urar da ke ɗaukar minti 30 ko fiye harajin kyamarar bidiyo, sai kamfanoni suka riƙa tsayar da kyamarorin hoto a minti 29 da daƙiƙa 59. Na ce masa duk lokacin da aka tafa wa wata ƙungiya ya tsayar ya sake kunnawa, kada ya jira ta yanke masa a tsakiyar magana. Babbar ba ta da wannan iyakar.

Katin ajiya lissafi ne kawai. A ingancin da na zaɓa, megabit 100 a daƙiƙa, awa ɗaya tana cin gigabait 45. Katin 128 yana ɗaukar kamar awa biyu da rabi. An ce min taron awa uku ne, ni kuwa na san taron makaranta, sai na tanadi na awa shida. Katin ya zama mai alamar U3 ko V30, wato wanda ba ya gaza rubuta megabait 30 a daƙiƙa. Jabun kati ya yi yawa a kasuwa, a jiki an rubuta 128, a ciki ko rubu'in haka babu, kuma ba zai nuna maka halinsa ba sai ka zo kwashe aiki. Duk sabon kati sai na cika shi taf a kwamfuta da manhajar H2testw na ga ya dawo da abin da aka zuba masa kafin in yarda da shi. Batir kuwa ban dogara da na cikin kyamara ba, na jona ta da babban fawa banki na ɗaure a ƙafarta. Kyamara irin wannan tana ɗumi idan ta daɗe tana ɗaukar 4K, balle a ƙarƙashin kwano, don haka na janye allonta daga jikinta don iska ta ratsa, na ajiye ƙaramar fanka mai caji tana busa mata.

Abin da 4K ba ya taɓawa ko kaɗan shi ne sauti, kuma a wasan yara sauti ya fi hoto wahala. Makirufon da ke jikin kyamara yana tsakiyar jama'a, abin da zai ji shi ne hirar matan da ke kusa da kukan jarirai da ƙarar fanka. Na je wurin mai kayan sauti tun da safe, na gaishe shi da girmamawa, don a ranar shi ne mai riƙe da rabin aikina. Na roƙi ya ba ni layi ɗaya daga mikisarsa, na'urar da ke haɗa sautin makirufo, zuwa wata na'urar naɗa da na aro. Amma makirufo biyu kacal gare shi, yaran wasa kuwa sun fi goma, kuma yaro idan ya shiga wasa mantawa yake da makirufo, ya riƙe shi a ciki ko ya yi nuni da shi. Don haka na ɗora ƙaramar na'urar naɗa Zoom H1n a bakin dandamali, a kan ɗan soso don kada ta ɗauki takun ƙafa, na rage ƙarfinta yadda ihu mafi ƙarfi ba zai fasa ba. Kafin a buɗe ƙofa na kunna komai, na hau dandamali na yi tafi ɗaya mai ƙarfi a gaban kyamarorin biyu. Da wannan tafin zan daidaita sauti da hoto daga baya.

An sa ƙarfe goma, an fara sha ɗaya da rabi saboda jiran babban baƙo. 'Yan nazare ne suka buɗe, kuma da hawansu iyaye suka miƙe. Kan ka ce kwabo hanyar tsakiya ta cika da hannaye da wayoyi, wata baiwar Allah ma da ƙaton tablet ta tsaya daidai gabana. Tsayin teburan ne ya cece ni, wayoyin suka tsaya a ƙasan hoto, inda dama zan yanke. Ban hana kowa ba, ba ni da hurumin hana uwa ɗaukar ɗanta. Na dai aika wa mai gabatarwa ya sanar cewa kowane gida zai samu bidiyon, a taimaka a zauna. Rabi suka zauna.

Ana cikin muhawara aka ɗauke wuta. Kyamara da na'urorin naɗa ba su ji ba tunda a batir suke, fitiluna ma haka, amma lasifika ta mutu, fitilun ɗakin suka mutu. Yarinyar da ke magana ba ta tsaya ba, ta ci gaba da zuba hujjojinta da muryarta, kuma ƙaramar na'urar bakin dandamali ta kama ta tsaf. Da aka tayar da janareta sai wata matsalar ta ɓullo. Ƙaramin inji sai ya yi juyi 3000 a minti yake ba da wuta mai 50 daidai, idan kaya suka yi masa yawa sai ya ja baya, fitilun ɗakin suka fara sakin layuka a bangon baya. Na tura yarona ya roƙi a kashe dogayen fitilun da ke saman dandamali, muka dogara da nawa. Hoton ya ɗan yi duhu, na ɗaga ISO, wato ƙarfin kama haske na kyamara, zuwa 1600, ban wuce nan ba, domin ƙurar da ke fitowa a hoto idan ISO ya yi yawa ita ma girma take idan an yanko.

Wasan kwaikwayon a kan tallar 'yan mata ne. Uwa tana son 'yarta ta ɗauki farantin gyaɗa, malama tana son ta koma aji, aka kai ƙara gaban mai unguwa. Mai unguwar ɗan aji biyar ne, an manna masa gemun auduga, an naɗa masa rawanin da ya fi kansa nauyi. Yana cikin yanke hukunci, ya ɗaga sanda, sai rawanin ya fara warwarewa ta baya. Da a ce da kyamara ɗaya nake bin mai magana, da hannuna ya kai ga jawo fuskarsa, don nan dariya take. Ban taɓa komai ba. Na bar hoton a buɗe, na harɗe hannuwana, abin da ya fi komai wuya ga wanda ya saba da biki.

Ruwa ya tsuge ana gab da rawar Fulani. Wanda bai taɓa naɗar sauti a ƙarƙashin kwano ana ruwan Yuli ba ba zai gane ba: ƙarar tana rufe komai, na'urar bakin dandamali ta zama ba ta da amfani. Layin mikisa ne ya rage, shi ma don makirufon yana dab da bakin mai waƙa. Rabon kyaututtuka ya ɗauki kusan awa guda, a nan na sauya kati, a tsakanin kiran aji uku da aji huɗu. Kafin in kwanta a daren na kwashe komai zuwa rumbun ajiya biyu daban-daban, ban goge katunan ba sai da aiki ya fita.

Kwamfutata ba ta iya jan 4K kai tsaye, tana sarƙewa. A manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve, wadda ta kyautarta ta ishi wannan aikin, na sa ta yi ƙananan kwafi masu sauƙi ta kwana tana yi, na yi tacewa a kansu, sai a wurin fitarwa ta koma kan na asali. Na buɗe aikin a 1080, na jera hoton babbar kyamara sau uku a kan juna: cikakke, yankin dama, yankin hagu. Daga nan aikin ya zama na zaɓe. A kowace waƙa na bi layi-layi da takardar sunayen aji a gefena, ina sa alama a kan duk yaron da ya samu fitowa a hoto na kusa, har sai da kowa ya samu.

A nan na ga abin da ban gani ba a ɗakin taro. Lokacin da rawanin mai unguwa yake warwarewa, kowa shi yake kallo, har ni. A layin baya ta hagu, cikin 'yan rakiya da ba a ba su ko kalma ɗaya ba, akwai wata 'yar ƙarama da aka ɗora wa tulu. Bakinta yana motsi. Na jawo wurin, na saurara tare da sautin, sai na ga maganar mai unguwa take bi kalma da kalma, ta gama ta koma ta uwar, ta koma ta malamar, har da ɗaga gira a inda malamar ke ɗagawa. Wasan gaba ɗaya yana kanta. Da rawanin ya faɗi, yaron ya daburce ya manta layinsa, ita ce ta ɗan leƙo ta gefen tulun ta raɗa masa, ya ɗauka ya ci gaba. Na yanko wannan wurin na saka shi a cikin bidiyon, na kuma tura wa malamar wasan shi daban. Ta kira ni tana dariya, ta ce, "Malam, wallahi ban taɓa jin muryar yarinyar nan a aji ba."

Kada in sa wani ya ɗauka abin ba shi da iyaka. Dandamali mai mita goma idan ya cika faɗin 4K, kowace mita ta samu ɗigo 384, fuskar yaro kuwa ba ta fi ɗigo 60 ba. Yankan da ba ya rage inganci a 1080 yana nuna mita biyar ne, wato yara bakwai ko takwas a jere, ba fuska ɗaya ba. Idan don waya ne, a 720, wato hoton da bai kai 1080 girma ba, ana iya jawowa ninki uku, a ga yara huɗu ko biyar. Fiye da haka hoto ya fara dishi-dishi. Hawaye a ido ko rawar leɓe sai kyamara ta biyu, shi ya sa ban yarda da masu cewa 4K ya kashe aikin mataimaki ba. Inda ya fi burge ni shi ne hoton tsaye na sitatus: 1080 da 1920 yana shiga cikin tsayin 2160 ba tare da an ja shi ba, don haka daga hoto ɗaya na fitar wa gidaje da dama gajeren bidiyon ɗansu a tsaye.

Kaifin hoton kuma yana kwaso abin da ba a aike shi ba. Sunan yaro da ajinsa a jikin takardar shaida suna karantuwa sarai idan aka tsayar da hoto, don haka a kwafin da za a ɗora a intanet na dusashe su. Wani ɗan nazare fitsari ya kufce masa a tsakiyar waƙa, a ɗakin ba wanda ya lura sai malamarsa, a 4K kuwa ga shi nan a fili. Na koma yankin dama har aka sauke shi. Yaron nan zai girma, kuma bidiyo ba ya ruɓewa. Yarinyar da babanta ya hana kuwa ta fita daga ko'ina cikin sauƙi, sai a rawar Fulani da suka yi da'ira, a nan na yi amfani da hoton kyamara ta biyu da na iyaye suna tafi har ta koma gefenta.

Na fitar da aiki kashi uku. Cikakken bidiyo a 1080 a filashi don makaranta. Kowane shiri daban a 720 don rukunin iyaye na WhatsApp, na kuma ce a tura su a matsayin fayil ba a matsayin bidiyo ba, don ta wannan hanyar ba a matse su, kuma tana ɗaukar har gigabait 2. Sai gajeren talla na minti ɗaya, wanda babu kowa a ciki sai yaran da iyayensu suka amince da tambaya ta biyu. Na ba Hajiya shawarar idan za su ɗora cikakken a YouTube su sa shi a wanda sai mai mahaɗi ne zai gani. Ta tambayi ina 4K ɗin da ta biya. Na kunna mata na asali a kwamfuta, na nuna mata cikakken dandamali, sannan na jawo yarinya mai tulu. Ta kalla sau biyu, ta ce a saka mata kwafin asalin ma a rumbu ta ajiye a ofis. Muka yi yarjejeniya ni zan goge nawa idan sabon zango ya fara, don dama wurin nake buƙata.

Bayan kwana biyu wata uwa ta samu lambata a makaranta. Mai hoton kati bai kamo ɗanta lokacin karɓar kyauta ba, ko zan iya ciro mata daga bidiyo? Ana iyawa, tunda kowane hoto ɗaya a cikin 4K ya kai megafiksel takwas, wato ɗigo miliyan takwas. Matsalar ita ce ƙiftawar ɗaya bisa 50, wadda ta dace da bidiyo amma tana barin hannu mai motsi ya yi jirwaye. Na bi wurin hoto bayan hoto har na samu inda yaron da babban baƙo suka tsaya cak suna riƙe da kyautar tare, na yanko su daga ƙugu zuwa sama, na ce mata ta wanke shi a inci biyar da bakwai, kada ta wuce haka.